Me ƙasusuwan dabbobi ke faɗa game da rayuwar mutanen zamanin tsakiya?

Hadiza, Zariya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ni ɗaliba ce mai karanta tarihi, kuma a wannan zangon an ba mu aiki kan yadda talakawan Turai suka rayu a zamanin da ake kira na tsakiya, wato daga wajen shekara ta 500 zuwa 1500 Miladiyya. A cikin abin da na karanta na yi ta cin karo da maganar cewa masu haƙar kufai suna kwaso ƙasusuwan dabbobi buhu-buhu daga tsofaffin garuruwa, musamman birnin York na Ingila, sannan su fito su ce ga naman da mutane ke ci, ga shekarun da sa ke kaiwa kafin a yanka shi, har ma su ce ga lokacin da aka fara sayo kifi daga nesa. Abin ya ɗaure mini kai matuƙa. Ƙashin da ya shekara dubu a cikin ƙasa ya riga ya karairaye, ya gauraya da na wasu dabbobi, wataƙila ma kare ya gwaigwaye shi tun ranar da aka yar. Ta yaya za a gina irin waɗannan maganganu a kansa, kuma wane matsayi ya kamata in ba su a cikin rubutuna? Tambayata ta biyu ita ce, tunda Turawan wancan zamani sun bar rubutattun takardu masu yawa, mene ne amfanin wahalar tonon juji?

Malam Isyaku, Kano:

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Zan fara da tambayarki ta biyu domin ita ce ginshiƙin ta farko. Takardun wancan zamani sarakuna da malaman coci da manyan attajirai ne suka sa aka rubuta su, saboda haka abin da ya cika su shi ne yaƙi da haraji da gado da iyakar gona. Matar da ta dafa wa maƙerin mijinta ƙafar sa ba ta shiga kowane kundi ba, amma ƙashin da ta jefa bayan ɗaki yana nan, kuma babu wanda ya jefa shi da niyyar ya burge na baya. Wannan ne darajar juji a wurin mai tarihi.

York misali ne mai kyau saboda yanayin ƙasarsa. Mayaƙan Vikin daga Skandinebiya sun kama birnin a shekara ta 866, ya zama babbar kasuwarsu da suke kira Jorvik. Tsakanin 1976 da 1981 hukumar York Archaeological Trust ta yi haƙa a titin Coppergate, kusa da mahaɗar kogin Ouse da kogin Foss, inda ƙasa ke jiƙe kullum har iska ba ta ratsa ta. Rashin iskar ya hana abubuwa ruɓewa, shi ya sa aka sami katako da fata da tufafi, balle ƙashi. An tono filayen gidaje huɗu masu tsawo da ƙunci waɗanda aka shata a ƙarni na 10, kowanne da wurin sana'a ta gaba, da masai da ramukan shara ta baya. Terry O'Connor ne ya yi babban nazarin ƙasusuwan wurin.

Matakin farko na aikin shi ne gane dabbar. Mai nazarin yana zaune ne a ɗakin da aka jera ƙwarangwal na dabbobin da aka san su, ya ɗauki gutsure ya gwada da na sa da na tunkiya da na alade har ya ga wanda ya dace, kuma yawanci bakin gaɓa ko haƙori ne ke warware magana. Daga nan sai ƙidaya, wadda ake yi ta hanya biyu. Ana ƙirga kowane gutsure da aka gane, ana kuma lissafa mafi ƙarancin dabbobin da za su iya ba da waɗannan ƙasusuwa. Idan aka sami muƙamuƙin hagu na tunkiya guda goma da na dama bakwai, to tumakin ba su gaza goma ba. Da wannan aka gane cewa naman sa ne ya rinjayi abincin Coppergate nesa ba kusa ba, sai tumaki da aladu, ga kuma kaji da dinyoyi. An sami kowane sashe na jikin sa, daga kai zuwa kofato, abin da ke nuna cewa da ƙafarsu ake koro shanun cikin gari a yanka su nan kusa.

Batun kifin da kika ambata shi ya fi burge ni a duk wannan fanni. A farkon zamanin Vikin, kifin kogi ne ya fi yawa a ramukan York, musamman wani dogo mai siffar maciji, tare da wani kifin teku da ake sayar mana a kasuwa da sunan shawa. A shekara ta 2004 James Barrett da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon wurare da dama na Ingila, suka nuna cewa cikin 'yan gomman shekaru kafin da bayan shekara ta 1000, ƙashin kifin teku ya ƙaru ƙwarai a garuruwa, har da waɗanda ke nesa da gaɓa. Garuruwa suna girma, koguna suna lalacewa da ƙazanta da madatsun injin niƙa, sannan ga ranakun da coci ya hana cin nama, kamar kowace Juma'a da kwana arba'in na gabanin Ista. Ko da yake masana suna muhawara kan wanne dalili ya fi ƙarfi, sauyin kansa a fili yake cikin ƙasa.

Yadda ake gane kifin da aka kawo daga nesa kuwa shi ne ta ɓangaren jikin da ya ɓace. Masunta na arewacin Norway suna cire kan kifin kod, wani babban kifin teku, kafin su shanya shi a iska ya bushe. Saboda haka idan rami ya cika da ƙashin baya na kod amma babu na kai, to busasshe aka kawo. A Landan an ga ƙasusuwan kai sun ragu sosai a ƙarni na 13, kuma gwajin sinadarin da ke cikin ƙashin ya tabbatar cewa kifin ya fito ne daga tekunan arewa masu nisa. Wannan sana'a ba ta mutu ba, domin busasshen kifin Norway da 'yan Kudu ke kira okporoko ko panla shi ne dai, kuma a yau Nijeriya ce babbar kasuwar kawunan da ake cirewa.

Dakta Bala, Gusau:

Malam Isyaku ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ni likitan dabbobi ne kuma a gidan mahauta na tashi, don haka zan ƙara da abin da ya shafi shekaru da sawun wuƙa, domin nan ne na ga aikinsu ya yi daidai da abin da hannuna ya sani.

Ƙanwata Hadiza, duk wanda ya taɓa zuwa kara sayen ragon layya ya ga dillali ya buɗe bakin rago yana duba haƙora. Abin da masu nazarin nan ke yi ke nan, sai dai su haƙoran gaba ba su cika yi musu amfani ba, saboda suna zubewa daga muƙamuƙi bayan nama ya ruɓe. Turame suke dubawa. Kowane turmi yana da lokacin fitowarsa, kuma bayan ya fito ciyawa da ƙasa suna cin samansa a hankali, har zanen da ke kansa ya riƙa sauya siffa mataki-mataki. Sebastian Payne ya tsara waɗannan matakai na tumaki da awaki a 1973. Hanya ta biyu ita ce gaɓoɓi. Dogon ƙashi na ƙaramar dabba yana da kawuna biyu da ba su manne da jikinsa ba, guringuntsi ne ke riƙe su, kuma kowanne yana da lokacin da yake haɗewa, wani da wuri, wani sai sa ya kai wajen shekara 4. Idan kika ɗauki ƙashi kika ga bakinsa da gurzi-gurzi kamar an ɓalle masa murfi, to dabbar ba ta gama girma ba aka yanka ta.

Amfanin wannan shi ne sanin dalilin kiwon. Mai kiwo don nama yana yanka dabba da zarar ta cika jiki, domin ciyar da ita bayan haka asara ce. Mai neman madara yana rabuwa da 'yan maruƙa maza tun suna ƙanana, ya bar mata su tsufa. Mai neman gashi kuwa yana barin tumaki har sai haƙoransu sun cinye. A Ingila ta ƙarni na 13 da 14, lokacin da ulu ya zama babbar hajar da ake fitarwa zuwa Flanders (yankin Beljiyam ta yau) da Italiya, muƙamuƙan tumaki a juji mafi yawa na tsofaffi ne. Wato talakan gari tsohuwar tunkiyar da aka gama aske wa gashi shekara da shekaru yake ci. Haka shanu, da yawa sai sun gama jan garma ake kawo su gari, kuma ana gane su ta ƙasusuwan ƙafa da suka baje da wasu tsiro da ke fitowa a gaɓoɓin kofato saboda nauyi. Shanun nasu ƙanana ne, tsayin kafaɗarsu wajen santimita 110.

Sawun ƙarfe ma yana da karatu. Wuƙar fiɗa tana barin siraran layuka a kewayen ƙafa da gindin ƙaho da goshi, gatari yana barin sara mai zurfi a gaɓa, ƙashin da aka fasa don ɓargo tun yana ɗanye kuwa yana karyewa a karkace da baki mai santsi, saɓanin wanda ya karye bayan ya bushe. Idan aka ga ƙasusuwan baya an tsaga su biyu daidai tsakiya, to rataye dabbar aka yi aka raba ta, aikin ƙwararren mahauci ke nan mai wurin sana'a, kuma wannan salo ya yawaita a garuruwan Ingila a ƙarnonin baya na zamanin. Ramin da ba a sami komai ciki ba sai ƙahoni da ƙasusuwan ƙafa, wannan na majema ne, domin da su ake kai musu fata. A Cambridge an taɓa tono wata rijiya ta ƙarni na 13 aka sami kyanwoyi 79 da sawun fiɗa da na datsa a jikinsu. Abin ba daɗin ji, amma ya nuna cewa fatar kyanwa haja ce a lokacin, kuma masu binciken sun ɗauka yunwa ce ta sa aka ci naman.

Hajiya Rabi, Kaduna:

Na karu da jawaban nan biyu, amma ina roƙon kada a bar 'yarmu ta tafi da tunanin cewa abin da aka tono shi ne hoton abin da aka ci. Shakkarta ta farko tana da tushe, kuma masanan da kansu sun fi kowa sanin haka. A shekarun 1960 C. K. Brain ya tattara ƙasusuwan awaki a ƙauyukan bakin kogin Kuiseb na Namibiya, inda mutane ke cin nama su jefa wa karnuka saura. Ya tarar cewa sassa masu tauri, kamar muƙamuƙi da ƙasan ƙashin damtse, suna tsira da yawa, yayin da masu laushi kamar saman wannan ƙashin da na wutsiya kusan duk suke ɓacewa. Ke nan rashin wani sashe a rami zai iya zama aikin kare kawai. Andrew Jones, wanda ya yi nazarin kifin York, ya ciyar da kare da alade kifi, shi ma ya ci, sannan ya bincika abin da ya fito, ya ga kaɗan ne daga ƙasusuwan suka tsira.

Sai kuma yadda aka yi haƙar. Idan da hannu da ido kawai aka tsinci ƙashi, na sa za a gani, na kifi da tsuntsu su tafi da ƙasar da aka zubar. Sai an wanke ƙasar a rariya mai ƙananan ido, milimita 1 ko 2, kafin su bayyana. Don haka kuskure ne a gwada wurin da aka tace da wanda ba a tace ba. Ƙasa mai tsami tana narkar da ƙashi gaba ɗaya. Naman da aka sayo an cire masa ƙashi ba ya barin komai. Mafi muhimmanci, abincin talakan Turai na yau da kullum burodi ne da faten hatsi da wake, kuma waɗannan ba su da ƙashi. Wanda ya dogara da ƙashi kaɗai zai mayar da kowa mai cin nama safe da yamma.

Malam Isyaku, Kano:

Gaskiya ne, Hajiya, kuma ina goyon bayan kowace kalma. Abin da zan ƙara shi ne, waɗannan matsaloli ana iya auna su. Haƙorin kare yana barin ramuka da gurzi da ake gani, ana kuma rubuta kashi nawa na ƙasusuwan ke ɗauke da su. Coppergate ya yi suna ne saboda an tace ƙasa mai yawa, an kuma yi nazarin iri da ƙwari da ƙwayayen tsutsar ciki daga masai tare da ƙashin. Shawarata ga Malama Hadiza ita ce, duk rahoton da za ta yi amfani da shi ta fara duba ko an tace ƙasa, da yawan gutsattsarin da aka gane. Hukuncin da aka gina kan ƙashi arba'in ba ya ɗaukar nauyin wanda aka gina kan dubbai.

Akwai abubuwan da ƙashi ke nunawa waɗanda kare ba zai iya ƙirƙira ba. A unguwar Yahudawa ta tsohon Oxford, haƙar 2016 ta fito da wani masai mai cike da ƙashin dinya da kaji da kifi, babu na alade ko ɗaya, alhali a matakin ƙasa da ya gabace shi, wato shimfiɗar ƙasa ta zamanin da ya riga shi, alade yana nan. Haka a Andalus, jujin unguwannin Musulmi na Kurɗuba tumaki da awaki ne suka cika shi, kuma inda aka ga alade da yawa a wani gefen birnin, masana sun ɗauke shi alamar Kiristocin da ke zaune ƙarƙashin mulkin Musulmi. Simon Davis ya auna ƙasusuwan kudancin Portugal ya nuna cewa tumaki sun ƙara girman jiki a zamanin Musulmi, wato an inganta irinsu saboda naman da aka fi so. A gidajen sarautar Ingila bayan mamayar da Normandawa na arewacin Faransa suka yi a 1066, ƙashin barewa ya yawaita, kuma mafi yawa na ƙafar baya ne, domin a al'adar farautarsu cinya ta maigida ce, kafaɗa kuma ta masu tsaron daji da mafarauta.

Har ɓera yana da labari. Baƙin ɓera yana York a zamanin Rumawa, ya ɓace daga ƙasusuwa na tsawon ƙarnoni bayan garuruwa sun durƙushe, sannan ya dawo a zamanin Vikin da jiragen fatauci. Sabuwar hanyar gane dabba ta sinadarin da ke cikin ƙashi, wadda aka ɓullo da ita a Jami'ar York a 2009, ta sa yanzu ana raba tunkiya da akuya ko da daga ɗan gutsure. Da ita aka gano cewa wasu matajan kai na kasuwar Ribe ta Denmark, tun ƙarni na 8, da ƙahon barewar ƙanƙara ta Norway aka yi su, dabbar da ba ta rayuwa a Denmark.

Malam Mamman Sani, Yamai:

Salamu alaikum jama'a. Na san aikin 'yar uwarmu kan Turai ne, amma ina so ta sani cewa an yi irin wannan bincike a garuruwan kogin Kwara na wancan zamani, kuma a wurinmu ya fi zama dole, domin abin da aka rubuta game da su kaɗan ne, mafi yawansa kuma daga matafiya da marubutan Larabawa da zinariya da sarauta suka fi jan hankalinsu.

A Jenne-jeno ta ƙasar Mali, Roderick da Susan McIntosh sun fara haƙa a 1977, suka nuna cewa an zauna wurin tun wajen shekara 250 kafin Miladiyya har zuwa kusan 1400. Ƙasusuwan sun nuna gari mai rayuwa da ambaliyar kogi: giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa masu yawa, shanu, ƙananan awaki da tumaki, da namun dajin fadama, tare da shinkafar Afirka. Wata wahala da masu nazarin Turai ba su da ita ita ce ƙashin kaza da na zabo da na fakara suna kama da juna ƙwarai. Kevin MacDonald ya zauna ya tsara alamomin da ke raba su, da haka ya tabbatar da kaza a Jenne-jeno tsakanin wajen shekara ta 500 da 850. Tunda asalin kaza daga Asiya take, samun ta a nan shaida ce ta hanyoyin cuɗanya masu nisa tun kafin daular Mali.

A Gao kuwa, Timothy Insoll ya tono wani rami a 1993 ya sami hauren dorina kimanin 50 an jera su wuri ɗaya, na wajen shekara dubu da suka wuce. Fahimtarsa ita ce an tara su ne domin a ɗora wa raƙuma zuwa arewacin Sahara, inda masassaƙan haure ke buƙatarsu. Marubutan Larabawa sun yi ta maganar zinariya da gishiri da bayi, amma wannan haja ta mafarautan kogi ƙasa ce ta adana labarinta. A Daima ta Borno ma, Graham Connah ya haƙa tudun a tsakiyar shekarun 1960, ya sami ƙashin shanu da na kifi da mashin kamun kifi na ƙashi a matakai masu zurfi.

Gargaɗin Hajiya Rabi ya fi shafar mu, domin zafi da gara da zaizayar damina suna cin ƙashi fiye da jiƙaƙƙiyar ƙasar York, kuma masu tonon kufai don neman abin sayarwa suna watsar da ƙashi su hargitsa matakan ƙasa, alhali matakin da aka sami ƙashi a cikinsa shi ne ke ba shi shekaru. Ga ƙarancin ɗakunan ƙwarangwal na dabbobinmu da za a gwada da su, abin da ya sa aka riƙa kai ƙasusuwan Sahel da yawa Turai domin a gane su. Idan Malama Hadiza tana da wuri a aikinta, ina ba ta shawarar ta ware shafi ɗaya ta gwada kifin York da na Jenne-jeno, tunda garuruwan kogi ne da suka yi zamani ɗaya, ta kuma bi ƙa'idar da Malam Isyaku ya faɗa ta duba yadda aka tace ƙasa a kowannensu kafin ta kwatanta adadin.